Karas ɗin da Baba ya shuka da diddige

Ranar wata Laraba, a farkon sanyin shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, makarantar bokon Kona, na dawo gida da ƙullin irin karas a bakin zanena. Mushe, malamin ajinmu, shi ne ya raba mana, ya ce a ja layi da yatsa, a barbaɗa sama-sama, in ya tsiro a rage. Inna ta karɓa hannu bibbiyu, domin ƙanwata Habsu tana fama da dundumi: da rana idonta garau, amma magariba na yi sai ta riƙa cin karo da turmi. Likita ya ce a ba ta karas da kabewa da ɗanyen ganye, mu kuwa in rani ya yi, ban da kuka da busasshiyar kuɓewa ba abin da ke shiga tukunyarmu.

Sai Baba ya sa baki. Na maimaita masa maganar Mushe har sau uku, ya dube ni ya ce, “Ke, ɗiyar lakwal, ni za a koya ma shibka?” Ya ɗauki sungumi ya sassare bayan ɗakin Inna rami-rami, ya tsunkulo iri ya zuba, ya take da diddige kamar yadda yake yi wa gero tun kafin a haife ni. Rabi bai ko tsiro ba. Wanda ya fito ya fito a cunkushe, kuma Baba ya hana a rage, wai ba a cire abin da Allah ya raya.

Shuka tasa, ban ruwa nawa. Rijiyarmu mai zurfi ce, sai da shanu ake jan wasaki, kuma tulu huɗu nake kaiwa kullum kafin a buga ƙarfen lakwal. Ƙawayena na ƴar gala-gala a dandali, ni ina korar kaji da toshe dannin ƙaya saboda akuyar maƙwabta. Ruwan alwalar Kaka ma ba ya zuba a banza, ni ke tara shi a ƙwarya in kai wa tumatir da alayyafon da Inna ta dasa a gefe. Wata uku ina cika ina batsewa, ba wanda ya kula.

Ranar da aka tona, na yi kuka don takaici. Karas ɗin sun nannaɗe juna, sirara kamar yatsun jariri, wasu ba su kai tsinken sakace ba. Baba ya juya su a tafin hannu ya ce, “Irin ne bai da kyau.” Inna ta kwashe su. Ta wanke su, ta riƙa daka wa Habsu da ƙuli-ƙuli, tana haɗa mata da alayyafo da kabewa.

Kafin damina ta faɗi, wata magariba muna tsakar gida, Habsu ta nuna bakin zaure ta ce, “Yaya, ga baƙar kazar Inna can ba ta shiga akurki ba.” Ni kaina sai da na ƙura ido kafin na gan ta. Inna ta ajiye muciya, ta zauna a ƙasa, ta daɗe tana kallon Habsu.

Yau ina zaune a Tasawa, da famfo a tsakar gidana, ga fili a bayan ɗaki, amma sai na yi ta faɗa kafin ƴaƴana su buɗe wa tumatir ruwa. Baba ya rasu bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Har yanzu ina jin haushinsa, kuma da zai dawo, da na miƙa masa sungumin da kaina.