Orval, Mai Tsinke Mamarin Mutane

Kullum kafin in gama ɗora tukunyar kofi, tsohuwar a-kori-kurar Orval Stidham ta riga ta ja da baya zuwa bakin ruwa tana tari. Zai sauke kwale-kwalensa, ya shigo shagona da ke mashigar Kogin Sorrel, ya sayi gwangwanin tana, ya kurɓi kofin ya ce, "Verna, yau ma ruwan wanke kwano kika dafa?" Duk da haka sai ya shanye ya miƙo a ƙara. Filaya na aljihun baya, wuƙa na ƙugu. Da yamma sauran masunta su dawo da bokiti cike da tarwaɗa, shi kuma ya dawo da 'yan kifayen da za su ishe shi da matarsa Maxine, sai tulin ruɓaɓɓiyar igiya mai tsatsattsun ƙugiyoyi, ya jibge mini a bayan shago. Na yi faɗan wannan jibgi har na gaji.

Jinjina na zauna rubuta masa a jaridar garinmu, amma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake. Haushin garinmu nake ji, da haushin doka, da haushin shi kansa Orval ɗin.

Mamari dai ba haram ba ne a jiharmu. Ka shimfiɗa doguwar igiyarka mai jerin ƙugiyoyi, ka rubuta sunanka a jikin galan ɗin roba da ke yawo a kanta, ka riƙa zuwa dubawa kullum, shi ke nan. Matsalar halinmu ce. Da bazara idan aka buɗe madatsar ruwan kogin, ruwa kan hau har ya taɓa rassan itatuwan gaɓa. Sai mutum ya zauna daram cikin jirginsa ya ɗaure igiya a reshen da hannunsa ya kai, don kada ya wahala. Ranar Lahadi ya koma gida, ya shiga sabgoginsa. A rufe madatsa, ruwa ya sauka fiye da tsayin mutum, mamari ya tsaya a sarari kamar igiyar shanya, kowace ƙugiya da guntun nama tana lilo. Babu wanda aka haifa a bakin kogin nan da bai san haka ba, kuma babu shekarar da ba a yi.

Abin da ke biyo baya Orval ne ke gani. Zalɓe ya kai cafka ya maƙale ta baki. Mujiya ta rataye ta fiffike. Inda igiyar ta rage cikin ruwa, kififiya da tarwaɗa su mutu a kai su kumbura, warinsu ya jawo wasu. Tun ina budurwa yake bin gaɓar nan yana sauke wannan ɓarna, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa ba shi ko kuɗin mai. Tabon da ke saman girarsa zalɓe ne ya yi masa, yana cikin cire masa ƙugiya. Ni na danne wurin da tawul har Maxine ta zo ta kai shi aka ɗinke, yana ta cewa a yi sauri akwai wani zalɓen a gaba. Wata baƙuwa mai yawon shaƙatawa da ƙaramin kwale-kwale ta taɓa shiga ƙarƙashin irin wannan igiya, ƙugiya ta kama ta a kunne. Da ba shi ke kusa ba, Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da za ta yi tana riƙe da reshe.

Kada wani ya ɗauka maƙiyin ƙugiya ne. Shi ma yana ɗana mamari, kuma ya fi kowa iyawa. A shagona maza kan wuni suna gardamar ƙugiya nawa doka ta yarda, wannan ya ce kaza, wancan ya ce a'a, a jihar da ke maƙwabtaka da mu sun fi haka, har jijiyoyin wuya su tashi. Orval ba ya tsoma baki sai an matsa masa, sannan ya ce, "Ku sa dubu in kun ga dama. Ni dai ku dawo gobe ku duba."

To, akwai wata dokar kuma: laifi ne ka taɓa kayan kamun kifin wani. Saboda ɓarayin kifi aka yi ta, kuma ban ce ba ta da kyau ba. Sai dai ita ba ta san bambancin ɓarawo da Orval ba. Ya san da ita sarai, shi ya sa in akwai suna a galan yakan fara buga waya, ko ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mutane su yi ta gunaguni, amma ba wanda ya taɓa kai ƙara, sai bara.

Dewey Maddox, dattijo a cocinmu, shi ke kawo tarwaɗar suyar kifin da ake yi kowace bazara. Ya ɗana mamarinsa, ya tafi birni wajen jikokinsa, ruwa ya sauka. Orval ya buga masa waya ba a ɗauka ba. Ya kira Lanelle Cobb, jami'ar kula da ruwa da namun daji, wadda ita kaɗai aka jibga wa yankin nan duka, ta ce tana can ƙarshen gunduma, sai jibi. Ga mujiya tana ta fafutuka a rataye. Ya sa filaya ya datse. Da ya watsar da igiyar a bayan shagona kamar kullum, da magana ta mutu. Ina! Sai ya naɗe ta tsaf, ya kai ƙofar gidan Dewey ya ajiye, wai kayan mutum ne.

Washegarin dawowarsa Dewey ya faɗo shagona yana huci.

"Ɗan'uwa Orval, wa ya naɗa ka sarkin kogi?"

"Ba kowa. Na kira ka, ba ka ɗauka ba."

"Sunana na jikin galan ɗin ko babu?"

"Yana nan raɗau. Mujiyar ce dai ba ta yi makaranta ba."

Shago ya kwashe da dariya, kuma dariyar nan ce ta ja wa Orval. Dewey ya sha mur, ya fita bai ko biya kofinsa ba, ya zarce ya shigar da ƙara. Lanelle da kanta ta kawo wa Orval sammaci, tana miƙa masa tana kallon ƙasa. Ta ce, "Mista Stidham, wallahi da ka jira ni." Ya ce, "Yi aikinki, 'yata. Mujiyar ce ba za ta iya jiranki ba."

Abin da zai iya rasawa lasisinsa na kamun kifi ne, kuma ga Orval wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya haura saba'in, hannunsa ya fara rawa, 'yarsa ta riga ta yi rantsuwa cewa bazara ɗaya ta rage masa a kan ruwa, daga nan za ta sayar da kwale-kwalen. Duk muka cika kotu. Alƙalin mutumin kirki ne, ya nema masa mafita ƙiri-ƙiri. Ya ce, "Mista Stidham, ka yi mini alkawari ba za ka sake taɓa igiyar kowa ba, in sallame ka da gargaɗi."

Na ga Maxine ta mintsine shi. Ni ma daga baya ina ta gyaɗa masa kai kamar ƙadangaruwa. Ya miƙe ya cire hula, ya ce, "Ranka ya daɗe, in na yi maka alkawarin nan ƙarya na yi. Gobe in na ga wata a rataye, datsewa zan yi."

Aka karɓe lasisin na shekara guda.

Haba Orval! Kalma ɗaya fa aka nema a bakinka. Rabin mutanen da ke zaune a kotun nan sun yi alkawarin da ya fi wannan girma sun karya kafin su kai mota. Kai ne mai taurin kan da ban taɓa ganin irinsa ba. Kai ne ka share wa garin nan ƙazantarsa shekara da shekaru, ranar da za a saka maka kuma aka saka maka da sammaci. Sarkin ruwa ba rawani, na Maxine mai filaya, har yau in na tuna tsayuwar nan taka sai in rasa ko in rungume ka ko in kwaɗa maka ludayi.

Bazarar ta zo, kifi ya hau kamar ba a taɓa yi ba. Orval yana fita da kwale-kwalen, ba sandar fatsa ko ɗaya a ciki. Dewey kuwa an yi suyarsa, an ci an sha, har da addu'ar godiya ga Ubangiji da ya hore mana kogi.

Ran Asabar da ta wuce na shiga babban kanti sayen garin masara, sai na hango Orval tsaye gaban firizar kifi. Ya ɗauko leda ɗaya yana jujjuyawa, ya mayar, ya ɗauko wata. Mutumin da ya ciyar da zawarawan unguwarsu da tarwaɗa tun kafin a gina kantin. Da ya gan ni sai ya sassauta murya ya ce, "Verna, ke da kika san kan abin nan, wanne ake saya?" Na zaɓar masa, na fita na zauna a mota na yi kukana, don takaici.

Mun gode, Orval. Allah ya ƙara maka lafiya, ya kuma tausasa zuciyar 'yarka ta bar maka bazara mai zuwa. Ku kuma mutanen Sorrel, ban ce kowa ya je ya karya doka ba, wannan sai shi. Abin da nake roƙo bai kai haka wuya ba. In ka san gobe ba za ka dawo ba, kada ka ɗana. In ka ɗana, duƙa ka ɗaure a saiwa, bayanka ba zai karye ba. In kuma kana da igiya a gaɓar nan yanzu haka da kake karanta wannan, ajiye jaridar ka je ka sauke abarka, tun kafin tsohon ya riga ka gani. Alƙali ya gaya masa karo na biyu ba lasisi za a karɓa ba, ɗauri ne, kuma kun ji da kunnenku amsar da ya bayar.