Roba Biyu a Tukunya Ɗaya

Mai Narki ake ce masa, don tun yana da baƙin gashi sana'arsa ke nan: ya niƙa tsofaffin robobi, ya narka, ya fitar da baho. Rumfarsa kullum cikin ƙauri take, har matarsa kan ce ko idonta a rufe hancinta zai nuna mata mijinta.

Robar kwalba da ta jarka ba sa ga maciji da juna. Ko an narka su tare, da sun huce kowace sai ta ja gefe. Abin da ke sasanta su wata farar hoda ce. A cikin zafi takan tsaya daidai inda suka haɗu, ta riƙe wannan, ta riƙe waccan. Albarkacinta bai taɓa wahalar ware roba ba, kuma hakan ya rufa masa asiri, don yanar ido ta fara rufe masa gani.

Kwatsam dillalin da ke kawo masa hodar ya ce ta daina zuwa. Mai Narki, da taurin kan tsufa, ya ce ai wuta ce uwar aiki. Ya ƙara zafi, ya ƙara juyi, bahunan suka fito sumul suna sheƙi. Har da 'yar waƙarsa, bawan Allah.

Mai saye ɗaya ta rage masa, wata mai shago da yake kira uwar ɗakina. Ta ɗauki baho ta danna da gwiwa kamar yadda ta saba. Ƙas! Ya dare gida biyu. Na biyu ma haka.

"Baba, mata za su ɗora wannan a ka da ruwan zafi," in ji ta. "Ka ware robar, in dawo. In ba haka ba, ka yafe ni."

Kunya da baƙin ciki suka kama shi.

Washegari ya zauna gaban tulin ɓaraguzan roba da ya fi shi tsayi, matarsa ta zo taya shi. Ta miƙo masa wani guntu.

"Maigida, wannan na kwalba ne ko na jarka?"

Ya ɗaga shi saitin rana, ya juya, ya matso da shi har yana taɓa girarsa.

"Ajiye shi tukuna," ya ce. "Miƙo wani."