Ranar da Zulkiflu Ya Yafe wa Banki

Taubashina Zulkiflu Mijinyawa direban bas ne a Catford, kuma kaf London babu matsoraci kamarsa. Ko tattabara ce ta tashi fir sai ya yi salati. Amma don Allah, tsoronsa da dalili.

Shi da matarsa Hadizatu sun sayi ɗan flat da bashin banki, irin wanda ake kira tiraka: in babban bankin ƙasa ya rage kuɗin ruwa, naka ma ya ragu. Wata shekara na kowa ya sauka, nasa sai hawa yake. Bai tambaya ba, wai baƙo ba ya ɗaga murya a gidan mutane. Ya ƙara awannin aiki, ya sayar da mota, ya rame har wandonsa ya fara neman wani mai shi. Duk da haka biyan ya gagara. Ana ƙwanƙwasa ƙofa sai ya ɓuya bayan firiji, ya ɗauka masu ƙwace gida ne. Yaransa uku, ina zai kai su?

Ran nan banki ya kira, ana son ganinsu su biyu. Ya bugo mini waya: “Uwaisu, ta faru ta ƙare.”

Na ce, “Kwantar da hankalinka, ƙarƙashin gada ma akwai iska mai daɗi.”

Bai yi dariya ba. Da na je raka su na tarar ya ɗaure katifu, makullan gida na aljihunsa suna kaɗawa kamar kacau-kacau.

A ofis wata Baturiya ta zaunar da mu. Zufa ta jiƙa masa hula, ga sanyi ana yi. Ta ce sun bincika, bisa kuskure aka cire su daga tiraka shekarun baya, aka yi ta karɓar abin da ya wuce ƙa'ida. Laifin banki ne, suna ba da haƙuri, kuma akwai diyya.

Zulkiflu dai ban haƙurin kawai ya ji. Ka san mu, babba ya ba ka haƙuri, ba ka tsayawa ciniki. Ya zabura ya dafa ƙirji.

“Madam, na yafe! Duniya da lahira! Ba na son komai, ku dai bar mana flat ɗin.”

Har ya fassara mata da Turanci, kada ta rasa ladan. Baturiya ta ɗaga biro, ta tambaya ko yana nufin ya ƙi karɓar diyyar ne. Ya gyaɗa kai kamar ƙadangare. In babu diyya kuwa, bashin da ya taru na nan, gidan ma tafiya zai yi. Na taka masa ƙafa, ya raɗa mini: “Namiji ba ya lashe yafiyarsa.”

Sai Hadizatu ta gyara mayafi.

“Baban Nabil, gidan nan da sunan wa da wa aka saye shi?”

“Ni da ke.”

“To, ni ban yafe ba. Warwaraina na zinare da na sayar, ban yafe ba. Madam, ci gaba.”

Diyyar ta shafe bashin da ya taru, aka mayar da su tiraka. Da muka koma gida Zulkiflu ya hana a kwance katifu, wai kada bankin ya sake shawara. Sai da Hadizatu ta ɗauko almakashi.