Sunan da Kawu Sidi Ya Raɗa

Duk wanda ya san Kawu Sidi, yayan mahaifiyata, ya san shi da hular kwano. Gona da ita, kasuwa da ita, sujada kaɗai ke raba su. Babur kuwa bai ƙara hawa ba tun ranar da ɗan kabu-kabu ya kayar da shi a hanyar Kebbe, ƙeyarsa ta bugi ƙasa.

Na ce, "Kawu, ai hular ta masu babur ce."

"Babur ya gama nashi. Ƙasa nika tsoro yanzu."

A Tambuwal likita ya ce ƙashi bai fashe ba, ƙwaƙwalwa ce ta jijjiga, sinadaran cikinta suka hargitse, sai a hankali za ta daidaita. Don gwaji ya ba shi abu uku ya riƙe a ka: gero, akuya, tsani. Da aka jima ya tambaye shi. Kawu ya harare shi.

"Akuyar wa? Ni ba ni riƙon dabbar da ban san mai ita ba."

Tsohon zance bai ɓace masa ba, sabon ne ke zubewa. Amma ka ce ya manta, ka jawo wa kanka. Rana ɗaya sau uku ya je ta'aziyya gidan Malam Umaru. Da aka yi masa magana ya ce, "Mamacin ya cancanta."

To, a danginmu Kawu ne ke raɗa suna, shekara da shekaru. Da matata ta haifi ɗiya, 'yan uwa suka ce a ba liman. Na dubi fuskar Kawu, na kasa. Ranar suna, tun da muka fito sallar asuba nake nanata masa: Hafsatu, Hafsatu.

"Kai, yaro ka maishe ni?"

Aka taru, aka raba goro, aka yi tsit. Kawu ya buɗe baki, ya tsaya. Can ya ce, "An samu Maryamu." Sunan matarsa ne, wadda ta daɗe da rasuwa. Aka shafa Fatiha, aka yanka rago. Matata kwana biyu ba ta ce mini uffan ba.

Da jama'a suka watse, ya kama gefen rigata, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗan nan, tsakaninka da Allah. Na faɗi daidai?"

"Daidai, Kawu."

Maryamu yanzu tana aji uku. Allah Ya jiƙan Kawu Sidi, Ya sada shi da tasa Maryamun. Ni kuma Ya yafe mini amsar nan, don ko yau aka sake tambayata, ita zan bayar.