Jan Biro A Hannun Hajja

Na manta abubuwa da yawa daga shekarun da Maiduguri ta yi cikin tashin hankali, wasu ma ni da kaina na roƙi Allah Ya ɗauke min su. Amma safiyar da jan birona ya faɗa hannun Hajja, wannan kam ba za ta bar zuciyata ba muddin ina numfashi.

A lokacin na gama karatun koyarwa ke nan, sai aka rufe makarantu, wasu ma azuzuwansu suka koma masaukin 'yan gudun hijira. Unguwarmu ta Mafoni ta cika da baƙi, kusan kowane gida ya karɓi dangi daga ƙauye. Ƙananan yara suna yini a lungu ba abin yi, ko tayar keke ce ta fashe sai ka ga sun zube ƙasa gaba ɗaya. Na kasa jure kallonsu. Na je wajen maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai sayar da turaren wuta da kowa ke kira Hajja, na roƙe ta aron inuwar darbejiyar da ke tsakar gidanta.

"Karatu za ku yi ko wasa?" in ji ta.

"Duka biyu, Hajja."

"To, ku zo. Amma duk wanda ya fasa min kaskon turare, ke zan kama."

Ban fara musu da haruffa ba, kuma har yau ina ganin daidai na yi. Hannun da bai saba da zagaya da'ira ba, yaya za a ce ya rubuta baƙi? Na bi shaguna na tara kwalaye, na yanka su, na haɗa da gawayi da alli da 'yan kalolin da na samu. Yau da'ira ta zama rana, gobe ta zama faifai, jibi ta zama fuskar mage. Yaran suka sake, dariya ta dawo gidan.

Sai yarinya ɗaya. Ba za ta wuce shekara biyar ba, Kanuri ce, goggonta ce ta iso da ita gari. Sun rabu da uwarta a hanya lokacin gudu, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake jin muryarta. Kullum gindin randa take zama, ta damƙe kala a hannu, ba ta zana komai. Ban taɓa matsa mata ba. Nakan ajiye mata kwali a gefe, in tashi ya yi in ɗauke shi fari fat, washegari in sake ajiyewa.

Ranar da abin ya faru, na ce kowa ya zana wanda ya fi so a duniya. Nan take tsakar gida ta kaure.

"Malama, kin ga wannan? Wai akuya ya fi so!"

"Ai tana ba mu nono. Kai me kake ba mu?"

Ina cikin raba wannan shari'a na waiga gindin randa, sai na ga kan yarinyar a sunkuye, hannunta yana tafiya. Na daskare a inda nake don kada motsina ya katse ta. Mace ta zana, doguwa har kanta ya kusa fita daga kwalin, da lafaya ruwan ɗorawa, hannuwanta a buɗe, yatsu sun fi ƙarfin ƙirga. Na durƙusa na tambaye ta da Kanuri ko "Ya" ce, wato uwa a harshensu. Sai ta ɗora tafinta a kan zanen. Wannan ya ishe ni amsa.

Na shimfiɗa zanukan a tabarma na danne da duwatsu, na kwashi yaran zuwa zaure su wanke gawayin hannunsu. Jakata na bari a nan, jan biron da nake musu maki yana bakinta.

Da muka dawo, sai ga Hajja zaune a bakin tabarmar da tabarau a hanci, jan birona a hannunta, tana bin zanukan ɗaya bayan ɗaya. Kowane mutum ta ja masa layi a wuya, har akuyar ba ta tsira ba. Wanda ya tashi a hannun tsofaffinmu ya san wannan. A wurinsu hoton abu mai rai ba ya zama a gida sai an raba kai da gangar jiki da layi. Ko kalandar ɗakinta haka ta yi mata. Ba mugunta a ciki ko ƙwayar zarra.

Amma yarinyar ta gani. Jan layi, a wuyan uwarta.

Sautin da ya fito daga bakinta ba kuka ba ne, ban ma san sunan da zan ba shi ba. Ta faɗa kan kwalin ta rufe wuyan da hannu biyu. Sauran yaran suka ja da baya suna kallonta.

"Innalillahi! Me ya cije ta?" in ji Hajja.

Na matsa kusa na ce a hankali, "Hajja, uwarta ce. Kin kuma san abin da yaran nan suka gani a hanya."

Ta dubi biron, ta dubi layin, ta saki biron kamar garwashi ta riƙe. "Wallahi 'yata, don mala'iku na yi, kada su ƙi shigo mana."

"Na sani, Hajja."

Biro ba ya goguwa, sabon kwali kuwa ba zai dawo da wannan uwar ba. Na san in yarinyar nan ta fita daga gidan da wannan hoto a idonta, ba za ta sake ɗaukar kala ba, wataƙila bakin ma ya rufe ke nan. Ina ɗaga kai sai idona ya sauka a kan murjanin da ke wuyan Hajja, ja wur. Na ɗauki jar kala, amma ban taɓa kwalin ba. Na ce wa yarinyar, "Kin ga Hajja ta fara yi wa Ya sarƙa. Zaren kawai ta ɗaura, ba ta sa duwatsun ba tukuna."

Lokacin da na faɗa ba gaskiya ba ce. Hajja ce ta mayar da ita gaskiya. Ta kwance murjanin daga wuyanta, ta durƙusa da ƙyar tana dafa gwiwa, ta ajiye shi a gefen hannun yarinyar. Muka jira. Can sai ɗan yatsan yarinyar ya ɗaga daga kan layin, wani ya biyo shi. Hajja ta karɓi kalar daga hannuna ta fara ɗiga jajayen duwatsu a kan layin, wani ƙato, wani a karkace, don ba ta taɓa zane ba a rayuwarta.

"Ba haka ba."

Muryar yarinyar ce, a dishe ta fito, ƙarama, amma kowa ya ji ta.

"Na Ya akwai fari a tsakiya."

Hajja ta ja bakin lafayarta ta goge ido, ta miƙa mata alli. "To koya min, 'yar nan. Ni tsohuwa ina na iya?"

Yarinyar ta karɓa ta gyara sarƙar uwarta da kanta. Daga nan kowa ya ce shi ma sai an yi wa nasa. Iyaye mata suka sha sarƙoƙi, iyaye maza suka samu aiki a wuyan riga, mai akuya kuwa ya mayar da layinsa igiya har da ƙararrawa, ya ce dama yawo ya yi mata yawa.

Bayan kwana biyu Hajja ta shiga keke mai ƙafa uku ta tafi unguwar Shehuri wajen malaminta, don ba ta yarda ta zauna da shakka. Ta dawo ta ce ya gaya mata zanen yara kamar 'yar tsanarsu ne, akwai sauƙi a ciki. Duk da haka ta ce kada a rataya mata zanukan a ɗakin da take salla, muka rataya a zaure, kowa ya samu natsuwa. Yarinyar kuwa, da waɗannan ƙananan da'irori na murjani ta shiga rubutu, kafin su bar unguwarmu har ta fara gyara wa na kusa da ita. Daga baya goggonta ta koma unguwar Dala a nan cikin gari wajen wasu dangi, suka tafi da kwalin. Ban san ko uwar ta bayyana ba. Ina sa ta a addu'a har gobe.

Yanzu ina da ajina a makaranta mai kujeru da allo, kuma jan biro yana nan a jakata. Amma abin da wannan safiya ta koya min ya fi duk wanda na karanta. Abin da babba yake gani ɗan zane a kan kwali, a wurin yaro mutum ne mai rai, wani lokaci ma shi ne kaɗai abin da ya rage masa. Shi ya sa ba na ɗora hannu a kan zanen yaro sai na durƙusa na tambaye shi, "Wane ne wannan?"