Ya Bintu da Kujerar Sallata

Shekarar da aka kawo mana famfo bakin layi a Dogo Nini, wata biyu bayan 'yata Falmata ta haifi tagwaye, ita ce shekarar da na faɗi. Kun tuna santsin wurin nan? To shi ya kwashe ni, ni da bokitin. Gwiwar hagu ta kumbura ta yi suntum. Ni da ban taɓa sallah a zaune ba tun ina budurwa, sai ga shi an sayo min farar kujerar roba! Wannan kujera ce ta haɗa ni faɗa da Ya Bintu mai ɗori, Allah ya jiƙanta.

Ai kun san halinta. Ita ba ta gaida mutum, gaɓoɓinsa take gaidawa. Tana zaune a ƙofar gidanta a Bolewa, tun daga nesa ta ƙura wa tafiyarki ido. Ki ce, "Ina kwana, Ya Bintu?" Ta ce, "Lafiya lau. Ina kwana, kwatangwalon dama? Jiya an ɗauki kaya ko?" Har liman ta taɓa tarewa a hanya, wai wuyansa ba ya kai sallama hagu.

Ya ce, "Ya Bintu, a ina kika gani?"

Ta ce, "Da mai Keke ya yi hon. Da kai da kafaɗa da rawani duk tare kuka waiga."

In kuwa kika je suna da ita, kin shiga uku! Mutane na neman tsoka, ita tana bin kwanuka tana tsintar ƙashi, tana jefawa a gwangwanin madara. A gabana ta fisge ƙafar akuya daga bakin kakar jariri. "Kar ki tauna min guringuntsi, baiwar Allah! Shi ke hana ƙashi cin ƙashi!"

Da ƙasusuwan nan take karatunta. Ta baje su a tabarma ta ce, "Gwiwa da gwiwar hannu ƙofa ce, buɗe, rufe, ba ruwanta da gefe. Kafaɗa da kwatangwalo taɓarya ce a turmi, inda ta ga dama take zagayawa. Na ƙoƙon kai kuwa ɗinkin ƙwarya ne, an ɗinke an gama." Maƙwabciyarta Sista Rahila, wadda ke aikin jinya, ta kawo mata littafinsu mai hotuna ta ce ai haka aka rubuta. Ya Bintu ta riƙe shi kai a ƙasa, ta duba, ta duba, ta ce, "Madalla. Wanda ya zana wannan ya ci akuya da natsuwa." Amma in ƙashi ya huda fata ya leƙo, ko taɓawa ba ta yi. "Wannan naki ne, Sista, ɗauke shi."

To ni, asibiti sun ce ba karaya, amma 'ya'yana suka kwantar da ni wata biyu, ko tsintsiya ba a bari na ɗauka. Gwiwa ta sandare kamar icce. Kullum in zauna a kujera in ɗan sunkuya, goshina bai taɓa ƙasa ba, abin yana cin raina.

Rannan sai ga Ya Bintu, ba wanda ya kira ta. Ta latsa nan, ta latsa can.

"Ba faɗuwa ce ta cuce ki ba, Zara, zama ne. Gaɓa tana da ɗan mai a ciki. In ba a motsa ta sai ta cije, kamar ƙofar wanda ya tafi ci-rani. Tashi."

Ina tashi ta ɗora kujerar a ka.

"Ya Bintu! A kan me zan yi sallah?"

"Ga bakin gado. Kujera mai hannu sarauta take koya wa gwiwa."

Ba ta tsaya nan ba, har kwanon gorona ta haɗa. Ni da goro, kun sani! Kowace safiya ta zo da ƙwaya ɗaya ta ɗora a kan turmi ta ce in ɗauka, ta tokare min baya da sanda. "Da gwiwa za ki sauka, ba da baya ba." Bayan sati ta mayar da shi kan kujera 'yar tsugunno. Bayan wani satin, kan kifaffen kwano. Na kira ta muguwa, na kira ta ɓarauniyar kujera. Ta ce, "Na ji. Sauka."

Ranar da ta ajiye shi a tabarma, na sauka, na sauka, gwiwa ta ce ƙas, sai na ji ta a ƙasa. Wayyo daɗi! Na manta da goron. Azahar na yi na shimfiɗa sallaya, na sa goshina a ƙasa, na kasa ɗagowa don kuka. Ina sallamewa na gan ta a gefe tana tauna gorona.

"Meye na kuka? Akuya ma tana durƙusawa, ba ta tara jama'a."

Washegari na taka da ƙafata har Bolewa in karɓo kayana. Na shiga ɗakinta, sai na same ta tana sallah a kan kujerata. Na tsaya cak. Da ta idar ta harare ni.

"Me kike kallo? Taki lalaci ne. Tawa guringuntsin ne ya cinye, ba goron da zai dawo da shi."

Ashe da waɗannan gwiwoyin take tako min kullum tun daga Bolewa. Na juyo na bar mata kujerar. A kanta ta yi sallah har ta koma ga Allah.

Liman ya rasu, kakar jaririn nan ta rasu. Sista Rahila tana nan, ta yi ritaya, gwangwanin ƙashin yana wurinta. Saura ni, kuma har yau da goshina nake sallah. Ya Allah, duk sujadar da na yi tun daga rannan, ka ba Ya Bintu rabonta a ciki. Ka yalwata mata kabarinta, ta miƙe ƙafafunta ta huta. Amin.