Sai Mastik Ya Kama

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mai gidana, Malam Sule, makanikin jirgin sama. Har yanzu in jirgi ya ratsa ta saman gidanmu a unguwar Gamkalley ta Yamai, sai in tsayar da abin da nake yi har ƙararsa ta ɓace.

Aikinsa shiga cikin fiffiken jirgi ne, inda ake zuba mai. Yakan kutsa ta 'yar ƙofar da ko ni ba zan iya wucewa ba, ya kankare tsohon mastik, wato danƙon da ke toshe yoyo, ya shafa sabo. Shafawar ba ta da wuya. Jiran ne aiki, don ba a zuba mai sai mastik ya kama, kuma shi ba a yi masa gaggawa. Da bazara yakan kama da wuri, da sanyi kuwa sai ya ga dama. Malam yakan ɗiga kaɗan a kan guntun ƙarfe ya ajiye kusa da fiffiken, yana dannawa da farce. Nakan tsokane shi cewa ko tuwona bai taɓa samun irin wannan kula ba.

Da yana raye, da Yamai ta yau ta ba shi haushi. Kowa sauri yake. Mai gini ya zuba siminti da safe, da yamma ya ɗora bulo. Da ya girgiza kai kawai, don ba mai yawan magana ba ne.

A sanyin shekarar da ya rasu ƙirji ya fara damunsa. Ran Laraba na gan shi ya dafa bango yana neman numfashi, na ce, "Malam, don Allah mu je likita yau."

Ya ce, "Zainabu, bari mastik ɗin da na shafa ya kama tukuna. In na kwanta, wani zai ƙosa ya zuba mai. Mutane ne za su hau jirgin nan."

Na yi faɗa, na yi kuka, har na kira yayansa daga Maraɗi. Bai saurari kowa ba. Ran Juma'a ya dawo yana murmushi, ya ce ya kama, gobe sai likita. Da safe yana sa takalmi ya faɗi a bakin ƙofa.

Masu ta'aziyya sun ce mutumin kirki ne, kuma gaskiya suka faɗa. Amma ina jin haushinsa har gobe, kuma ina kewarsa fiye da haushin. Abin da ya bari shi ne mutanen da suka sauka lafiya suka rungumi 'ya'yansu, ba su taɓa jin sunansa ba. Ban ƙi su ba, Allah ya sani. Ni dai da ya ba ni Larabar nan. Allah ya sa ya huta.